Minti 40 na zane, babu fenti babu takarda: me za a koyar?

Ustaz Maiwurno:
Assalamu alaikum malamai. Yara 55 ne a aji, 'yan shekara 9 zuwa 10, an ware wa zane minti 40 a mako. Kayan aiki babu. Shugaban makaranta yana so a ba lissafi lokacin, tunda yaƙin da ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023 ya bar yara a baya. Wasu iyayen kuma ba sa son a zana mai rai. Ina mafita?

Malama Gadarif:
Wa alaikumus salam Ustaz. Fenti ba abin saye ba ne a Sudan, ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro. A daka ƙaron dakwara, wanda ake ce wa hashab a kasuwa, awo 1 a ruwa awo 2, ya kwana, a tace da tsumma. Shi ne mannin. Baƙi daga kunkunniyar tukunya, ja daga jar ƙasa da aka tankaɗe, rawaya daga kurkum. Garin launi cokali 1, ruwan ƙaro cokali 1. Kunkunniya tana da maiƙo, in aka zuba mata ruwa kai tsaye sai ta yi ta yawo a sama. A fara murza ta da ɗigon ƙaro har ta zama kwaɓi. Ƙaro ya yi yawa, zanen zai yi ƙyalli ya tsattsage. Ya yi kaɗan, zai goge a hannun yaro. Ɗan sukari kan cokali yana rage tsagewa. Kada a haɗa na wata guda, da zafin nan yakan yi tsami. Buroshi kuwa asuwaki ne da aka daddake bakinsa, takarda kuma cikin kwali.

Ruwan karkade, wato zoɓo, ja ne, amma a ɗiga masa ruwan toka ko kanwa sai ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. Launin ba ya daɗewa a rana, sai dai yara ba sa manta darasin.

Alaramma Sinnar:
Batun mai rai kada a ja da iyaye, Ustaz. Zayyanar allon sauka ai zane ce, kuma ba wanda ya taɓa hana ta. Ƙusa, zare da fensir sun isa. A ja da'ira, kada a canza tsawon zaren, a kafa ƙusar a kan layinta a ja wata da'irar, a mayar da ƙusar inda suka haɗu, a ci gaba haka: sau 6 cif zai zagaye ta, fure mai ganye 6 ya fito. In bai haɗu ba, zaren ne ya miƙe ko ƙusar ta goce, yaron ya nemo dalili da kansa. Ka kai wa shugaban makaranta wannan, ya faɗa maka ko ba lissafi ba ne. Shahararren mai zane Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin Alƙur'ani ne, haruffan Larabci na cikin ginshiƙan zanensa, kuma a 2013 gidan nunin zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolin ayyukansa.

Baban Yara Damazin:
Allah ya gafarta Malam, ni dai ina ganin laka ta fi wa aji mai yawa sauƙi. Sai dai baƙar ƙasar nan tana tsukewa sosai in ta bushe, shi ya sa take dardarewa. A haɗa laka awo 3 da yashi mai laushi ko dakakken tsingaro awo 1, a cuɗa sosai. Kaurin abin kada ya wuce babban yatsa, a shanya a inuwa, a rufe da tsumma ranar farko. Hannun kofi sai an karce wajen haɗin an shafa ruwan laka, in ba haka ba ya ɓalle.

Malama Gadarif:
Gaskiya ne Baba. Abu guda, Ustaz: kada ka zana a allo ka ce su kwafa, za ka samu kofi 55 iri ɗaya. Minti 5 ka nuna yadda ake riƙe kayan, 25 su yi aiki, 10 na wanki da duba na juna. Maki kuma a ba wanda ya iya bayyana abin da ya gwada, ko da aikin ya tsage.