Za mu koma Ingila da yara uku, yaya zan yi kada Hausarsu ta ɓace?

Maman Ilham, Gwarinpa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida ya samu aiki a Manchester, in sha Allahu a watan Agusta za mu bi shi. Yaranmu uku: Ilham shekara 7, Abba shekara 4, sai auta mai wata 18. Ko a nan Abuja Hausar tasu sai a hankali, don a makaranta Turanci zalla ake musu. Wasu na ce min in daina yi musu Hausa tun yanzu don su kama Turancin can da wuri. Don Allah masu sani a ba ni haske.

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki ɗauki wannan shawarar, Turanci ba ya neman taimakonki. Ki yi lissafi: makarantun gwamnati a Ingila kusan awa 6 da rabi ne a rana, wajen awa 32 ke nan a mako, kuma tunda Abba ya cika 4 kafin Satumba, shi ma zai shiga ajin share fage. Ki ƙara da talabijin da abokan wasa. Abin da ya rage wa Hausa shi ne safiya, yamma da ƙarshen mako.

Don haka ke da maigida ku kafa doka ɗaya: da an shigo gida, Hausa. Tsarin nan na uba ya riƙe yare ɗaya, uwa ta riƙe ɗaya, ya fi dacewa da ma'auratan da yarensu ya bambanta. Ku in kun bi shi, rabin lokacin Hausa kuka bayar kyauta. Idan yaro ya amsa da Turanci, ba faɗa, ba dariya. Ki maimaita abin da ya ce da Hausa, ki ba shi zaɓi: "Shinkafa kake so ko taliya?" Dole ya ɗauki kalma ɗaya daga bakinki. Inda abin ya fi saurin lalacewa shi ne tsakanin yaran kansu. Yaren da Ilham take yi wa auta shi auta zai taso da shi, saboda haka ita za ki fi kamawa, ki ɗora mata koya wa ƙannenta.

Anti Rabi:
Maman Ilham, bari in ƙara kan auta. Yaro mai yare biyu zai riƙa cakuɗa su a jimla ɗaya, wannan ba ruɗewa ba ne, mu ma manya haka muke yi a Wuse kullum. Wajen shekara 2 ana sa ran yana da kalmomi kamar 50, ya fara haɗa biyu, irin "Mama zo". Kalmomin yarukan biyu ake haɗawa a ƙirga. In ya yi jinkiri sosai ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya mai duba yara, a fara da gwajin ji. Matsalar magana ta gaskiya tana bayyana a duka yarukan, barin Hausa ba ya maganinta.

Ki sa kunne kan abin da ke fara karyewa: jinsi. Za ki ji Abba ya ce wa yayarsa "ka zo", don Turanci ba ya raba ka da ki, ko kuma ya ce "Baba ta dawo". Sai ƙ, ɗ, ɓ da ts: ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Sai jam'i, da ce wa babba "ku". A gyara cikin hira, ba a tsayar da yaro a tsakiyar magana. Kuma a takardar shiga makaranta ki rubuta Hausa a gurbin yaren gida, kada ki ɓoye.

Baban Sadiq:
Hajiya, kafin ku tashi ki sayi littattafan Hausa na firamare da na tatsuniyoyi, a can samunsu aiki ne. Ilham ta riga ta iya haɗa baƙi, karatun boko na Hausa ba zai ba ta wuya ba. Minti 10 kowane dare ya isa. Ki sa mata madannin Hausa na Gboard, manhajar rubutu ta waya, ta riƙa rubuta wa kakarta saƙo.

Kiran kaka kuwa a tsayar masa da rana da lokaci, kuma a ba shi abin yi: Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, ko a nuna musu ana tuƙa tuwo. In gaisuwa ce kawai, "lafiya lau" za su ce su gudu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watannin muna gabansu da awa 1. Zuwa gida ki bari sai dogon hutu, ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, don cire yaro ana cikin zangon karatu ba izini yana jawo tara. In kun zo, kada ku zauna a Gwarinpa inda 'yan uwansu ma Turancin za su yi musu. Ku wuce da su wajen kaka.

Maman Ilham, Gwarinpa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Rabi, "Baba ta dawo" ɗin nan Abba ya riga ya fara. Shi ma in bar shi sai cikin hira?