Karatun tsatsa daga nesa: wace makaranta, kuma ina za a yi gwaji?

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama digirin farko a fannin sarrafa ƙarafa, yanzu ina aiki da wani ɗan kwangilar bututu a Kaduna. Ina son in yi digiri na biyu a kan tsatsa da hanyoyin gwada ta, amma barin aiki ba zai yiwu ba, iyali ya yi nauyi. Wanda ya san makarantar da ke koyar da shi ta intanet ya taimaka min.

Injiniya Mai Bututu: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da Jami'ar Curtin da ke Perth a Ostareliya. Suna da cibiyar binciken tsatsa, kuma kwas ɗinsu ta intanet ake yi, hawa-hawa: ƙaramin satifiket, difloma, sannan mastas. Ba dole ka zuba kuɗin duka a tashi ɗaya ba. Sai dai sun riga mu da awa 7, in an sa darasin kai tsaye da rana a can, kai asuba ce ko tsakar dare. Manchester ta Ingila ita ce tsohuwar hannu, tun zamanin UMIST, jami'ar kimiyya da fasaha ta garin, kafin a haɗe ta da Jami'ar Manchester a 2004, amma abokin aikina da ya yi a can tafiya ya yi ya zauna shekara guda.

Malamar Kimiyya: Kafin sunan makaranta, Malam, a ina za ka taɓa ƙarfe? Lissafin lantarki da sinadari, taswirar Pourbaix mai nuna yanayin da ƙarfe ke tsatsa da wanda ba ya yi, yadda ƙarfe biyu mabambanta ke cin juna idan sun haɗu a cikin ruwa, duk wannan ana koyonsa a waya. Gwaji ba ya yiwuwa haka. Na ga ɗalibai da suka haddace komai, aka ba su guntun ƙarfe su wanke bayan an tsamo shi, suka kankare har da lafiyayyen ƙarfen, sakamako ya ninka. Saboda haka ka tambayi kowace makaranta a rubuce: aikin binciken ƙarshe a ina ake yinsa, kuma sun yarda a yi shi a wurin aiki da mai duba na gida? In amsar ta zo a dunƙule, ka wuce.

Ɗan Rigasa: Malama, wurin aikinmu ba mu da ɗakin gwaji. Mita ce kawai da na'urar auna kaurin fenti.

Malamar Kimiyya: Ba ka rasa komai ba tukuna. Gwajin raguwar nauyi ba ya son kaya masu tsada, sikeli mai auna miligiram da haƙuri yake so. Ka nemi ƙa'idoji G1 da G31 na ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwaji, ka karanta su kalma-kalma. Ka goge guntun ƙarfe, ka auna faɗinsa da nauyinsa, ka jiƙa, ka tsamo, ka wanke yadda aka tsara, ka sake aunawa. Lissafin: 87.6 sau nauyin da ya ragu a miligiram, a raba da nauyin jinsin ƙarfen sau faɗi sau awanni. Misali guntu mai faɗin santimita murabba'i 20 ya rasa miligiram 100 cikin awa 720, nauyin jinsin ƙarfen kuma giram 7.85 ne a kowace santimita kubik, za ka samu kusan milimita 0.08 a shekara. Sikelin za ka same shi a sashen kimiyyar sinadarai na kowace babbar jami'a. Na'urar fotenshiyostat, mai auna tsatsa ta hanyar lantarki, ita ce mai wuyar samu, don ita sai ka je sashen ƙarafa na ABU Zariya ko cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa, NMDC, da ke Jos ka tambaya da kanka, kuma ka ga tana aiki da idonka kafin ka rubuta ta a tsarin bincikenka.

Roƙo ɗaya. Don Allah kada ka zo mana da binciken hana tsatsa da ruwan ganyen darbejiya ko zogale a cikin asid. An yi wannan binciken har an gaji, kowa ya samu "kashi casa'in da wani abu", babu wanda ya kai shi cikin bututu. Kai da kake da bututun gaske a gabanka!

Baban Abba: Ni ban yarda mastas ne maganinsa ba. Na daɗe ina zama a wajen ɗaukar ma'aikata, abin da ake fara dubawa shi ne satifiket ɗin ƙwarewa. Ƙungiyoyin masana tsatsa da fenti, NACE da SSPC, sun haɗe a 2021 sun zama AMPP. Satifiket ɗinsu na kare bututu da lantarki hawa huɗu ne, CP1 zuwa CP4, akwai kuma na duba fenti. In harkar matata yake so, ga satifiket ɗin cibiyar man fetur ta Amurka, API 571 na sanin ire-iren lalacewar kaya da API 570 na duba bututu. Yaro mai CP2 zai riga mai mastas shiga fili.

Injiniya Mai Bututu: Baba, shiga fili gaskiya ne. Amma ranar da za a zauna tsara kariyar sabon layi, ko a ce me ya sa wannan ya huje tun bai kai shekarunsa ba, wa ake kira? Bututun gas na AKK kilomita 614 ne, inci 40, daga Ajaokuta zuwa Kano. Ba masu karanta mita kaɗai zai nema ba.

Baban Abba: Ai ban ce kada ya yi ba. Cewa na yi ya fara da mai arha, wanda zai biya masa kuɗin mai tsadar.

Na Damagaram: Sannunku. Mu nan da muka yi lakwal da Faransanci, CEFRACOR, ƙungiyar masana tsatsa ta Faransa, muke bi, kuma takardarsu a kan ƙa'idar duniya ISO 15257 take, wadda takwararta ICorr ta Ingila ma ke bi. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, ga kuma bututun Agadem zuwa Seme a Benin, aikin ya samu. Shawarata ga ɗan'uwa: bincikenka ka yi shi a kan ƙasarmu. Littafi zai ce maka, don ka san bututu ya samu kariya, ka nemi milibolt 850 a ƙasa da sifili da sandar awo ta jan ƙarfe, shi ke nan. Ka je da rani ka kafa sandar a busasshen rairayi ka ga yadda mita za ta yi ta rawa, sai ka zuba ruwa a gindinta kafin ta tsaya. Ka auna wuri guda da rani da damina, ka haɗa da jurewar ƙasar ga lantarki. Malaman makarantun waje ba su da irin wannan bayanin, za su so shi.

Hajiya Mai Fenti: Ni ta ɓangaren fenti nake. Duk kwas ɗin da za ka shiga za a koya maka feshin ruwan gishiri, ASTM B117, gishiri kashi 5 cikin ɗari a zafin digiri 35, ana amfani da shi tun 1939. Ka koya, amma ka san iyakarsa. Dillalai za su ce maka fentinsu ya yi awa 1,000 a akwatin gishiri, don haka zai yi shekara kaza. Babu lissafin da ke mayar da awannin nan shekaru. Gwajin na kwatanta wannan rukuni da wancan ne. Rana da ƙurar hunturu da ke cin fenti a Kano ba sa cikin akwatin nan.

Sannan ka kai wa ofishinku sunan makarantar su amince a takarda kafin ka biya. Ɗan yayata ya yi wani kwas na intanet, ya gama, wurin aikinsa suka ce ba su san zancen ba.

Ɗan Rigasa: Allah ya saka da alheri. Batun kuɗi fa, akwai tallafi?

Injiniya Mai Bututu: PTDF ce asusun gwamnati mai tallafa wa karatu a fannin mai da gas, amma ka karanta sharuɗɗan shekarar da kyau a kan karatu daga nesa. Commonwealth na da tallafi na musamman ga masu karatu daga gida, sai dai kwasa-kwasan da suka zaɓa ne kawai, jerin kuma yana canzawa. Ka gwada shugabanka ma. Ka nuna masa binciken NACE na 2016, da ya ƙiyasta asarar tsatsa a duniya dala tiriliyan 2.5 a shekara, sannan ka lissafa masa abin da kuka kashe bara wajen gyaran layi ɗaya.

Malamar Kimiyya: In ka tashi zuwa Zariya ka yi min magana ta gefe. Ka taho da guntaye shida daga ragowar bututunku, girmansu ɗaya, a huda kowanne a sama don rataya, kuma kada mai walda ya yanka su da wuta, zafi na canza ƙarfen. Da zarto za a yanka.