Shawarar da ƴan majalisarmu sunka bayar kan yawon kasuwa a Dubai

Jiya a majalisa nan Sakkwato anka tattauna, ga abin da ƴan kasuwa sunka ce. Dubai Mall, babban ginin kantunan nan, wurin kallo ne, ka sa takalmi mai daɗi don tafiya ce kamar ba ta ƙarewa, kuma farashi a rubuce yake, babu ciniki. In sayayya kake so da gaske ka nufi unguwar Deira, kasuwar zinari da kasuwar Naif, can ne ake taya kaya, kar ka yarda da farashin farko ko da mai shago ya kira ka Alhaji sau goma. Ka sayi katin Nol na biyan kuɗin metro, jirgin ƙasa na cikin gari, taksi na cinye kuɗi wallahi. Ka adana rasit, baƙo na iya karɓo kuɗin harajin VAT da ya biya kan kaya a filin jirgi. Zafin rana kuwa, mu ƴan Sakkwato ma sai bayan la'asar muke fita.