Rigar da na saƙa ta yi min yawa a kafaɗa, gaba kuma ya ɗage, ya zan gyara?

Maman biyu:
Slm yan uwa masu saƙa, dan Allah ku taimaka min. Akwai wani tsarin riga mai gajeren hannu da na samo a Ravelry, shafin masu saƙa a intanet, saƙar tsinke ce ba ta kwarashi ba, gaba daban baya daban sai a haɗe. Awon ƙirjina 98 a santimita, sai na ɗauki L, aka ce in sa ido, wato madaukan zaren da ake jerawa a tsinke, 114 a gaba 114 a baya da tsinke mai lamba 4. Wata ɗaya da rabi ina kanta kullum bayan isha'i idan yara sun kwanta, jiya na haɗe na saka, wallahi kamar in yi kuka, kafaɗar ta zubo har dantse, hammata ta yi rami, gaban kuma ya ɗage sama ya fi bayan gajarta. Zaren auduga ne na siya a kasuwar Terminus ta Jos kuma ba arha ba. Ina so in sa ta kafin sanyin Jos ya kama sosai. In kai wa tela ya rage min ne ko kuwa?

Yar Zariya:
Wslm. Ni dai da ni ce tela zan kai wa ya kama gefe da gefe da keke, minti goma an gama. Warware aikin wata ɗaya da rabi ai ba wasa ba ne yar uwa.

Hajiya mai saƙa:
A'a ƴata kar ki bari almakashi ya taɓa rigar nan, saƙa ba atamfa ba ce, zare ɗaya ne tun daga ƙasa har wuya, in aka yanke shi wuri ɗaya sai ya dinga zarewa. Ko bai yanka ba ya kama gefen kawai, kafaɗar tana nan yadda take, ga dunƙulen ɗinki a hammata.

Tambaya ɗaya zan miki, kin saƙa ɗan gwaji kafin ki fara? Duba saman takardar, za ki ga an rubuta ido nawa ne ke shiga santimita 10. Ki shimfiɗa rigar ki ɗora tef ki ƙirga naki.

Maman biyu:
Hajiya gaskiya ban yi ba, ɗoki ne ya ɗebe ni. Na duba yanzu, su sun ce ido 22 da layi 28, nawa na ƙirga 20 ne.

Hajiya mai saƙa:
To ga inda gizo ke saƙar. Ido biyun nan da kike gani kamar ba komai su suka jawo rabin matsalar. A hannun mai tsarin ido 114 zai ba da wajen santimita 52, gaba da baya 104 kenan, daidai ke da ɗan sarari na 6. A hannunki kuwa 57 ne, biyu 114, kin ga rigar ta ƙaru da santimita goma cur ba ki sani ba. Hannunki sakakke ne, ba aibu ba ne, ni ma haka nawa yake tun ina budurwa. Ki sauko tsinke 3.5 ki saƙa gwaji mai faɗi ya ɗan wuce tafin hannu, ki wanke shi yadda za ki wanke rigar, ki shanya a kwance ya bushe sannan ki auna, don auduga tana saki bayan wanki kuma ba ta komawa yadda take kamar yadda ulu ke yi.

Sai maganar kafaɗa. Ki auna saman ƙirji, tef ya bi ta ƙarƙashin hammata ya wuce saman mama. Da wannan awon ake zaɓen kafaɗa. Mu da yawa musamman bayan shayarwa kafaɗarmu M ce ƙirji L, shi kuwa tsari in ya ƙara ƙirji sai ya ƙara komai tare. Ki saƙa jikin da lissafin L har hammata, a wajen rage ido na hammata ki ci gaba da ragewa har ki sauko adadin da M ke da shi, daga nan ki bi M har wuya, hannun ma ki bi na M. Tsawon ramin hammata na M za ki bi, kar ki manta da wannan, in ba haka ba hannun ba zai zauna ba.

Anti Bilki Kd:
Hajiya ta gama magana, ni ɗagewar gaban zan ƙara. Gajerun layuka ake yi, wato ki saƙa ba ki kai ƙarshen layi ba ki juyo, sai tsakiya ta ƙaru gefe bai ƙaru ba. Ki sa wata ta auna miki daga kafaɗa zuwa ƙugu ta gaba da ta baya, in bambancin santimita 4 ne misali, layi 28 a 10 kusan layi 12 kenan, juyi shida kowane gefe, ki fara kamar yatsa biyu ko uku kafin hammata. Dabarar juyin irin ta Jamus ta fi min sauƙi ba ta barin huji, akwai ta a YouTube ki kalla sau biyu za ki gane. Kuma ki zura wani zare mai launi daban a layin kafin ki fara, in ya ɓaci nan za ki tsaya da warwara.

Yar Zariya:
To na janye maganar tela, amma zaren da aka warware ba ya lanƙwashewa kamar taliyar yara?

Anti Bilki Kd:
Yana yi. A naɗe shi a bayan kujera a ɗaure wuri huɗu, a jiƙa a ruwa, a rataye a inuwa, zai miƙe.

Maman biyu:
Allah ya saka muku da alheri. Na auna saman ƙirjin 90 ne, M kenan kamar yadda Hajiya ta ce. Na fara warware bayan, gwajin tsinke 3.5 yana kan tabarma yana bushewa. Hajiya in ya fito 21 fa, in ƙara saukowa ko in bar shi haka?