Wai karen ruwa ne ke riƙe da dajin teku?

Mushe: Salamu alaikum ƴan zaure. Ga magana, mai ja ya ja: a gaɓar tekun Fasifik, daga Kalifoniya har Alaska, akwai daji a ƙarƙashin ruwa, na wata doguwar ciyawa da kifaye ke fakewa a ciki. In babu karen ruwa, dajin nan ƙarewa yake.

Alhaji: Haba Mushe. Dabba mai cin nama, mi ya haɗa ta da raya ciyawa? Shuka take yi?

Mushe: Ba ta shuka, Alhaji, gadi take. Akwai bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya, ita ke cinye gindin ciyawar. Karen ruwa kuma ita yake ci. Ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi, sai gashi, don haka kullum sai ya ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa. A 1974 masu bincike James Estes da John Palmisano sun gwada tsibiran Alushiyan na Alaska: a Amcitka, inda yake da yawa, daji ya yi duhu, a Shemya, inda babu shi, bushiya ta share wurin.

Kawu: Wannan ai mun san irinta. Ka saki awaki a gona ba mai tsaro, ka ga ko ɗan gawo guda zai tashi.

Hajiya: Ni duk kun tsallake mai wahalar. Uwar karen ruwan fa? Ɗa guda take haifa, ta ɗora shi bisa ƙirji tana kwance rigingine a kan ruwa, tana gyara masa gashi har ya cika da iska, ko ya so nutsewa ba ya iyawa. In za ta nemo abinci, wani lokaci sai ta naɗe shi da ciyawar don kada ruwa ya tafi da shi. Wata shida tana shayarwa, uban ko oho. Wasu uwayen, lokacin yaye sun rame har su mutu. To ku gaya mini, ita ke riƙe da dajin ko dajin ke riƙe mata goyo?

Alhaji: Hajiya, kin shigo da rikicin gida cikin teku!

Ɗan jami'a: Mushe, a yi mini haƙuri, amma maganarka ta yi faɗi. A arewacin Kalifoniya an fi shekara ɗari ba karen ruwa, dajin kuma yana nan, don tauraron teku, wata halitta mai siffar tauraro, na cin bushiyar. Sai da cuta ta faɗa wa tauraron a 2013, ruwa ya ɗumama daga 2014, sannan sama da kashi 90 cikin ɗari na ciyawar ya tafi.

Mushe: Ka taimake ni ba ka sani ba, ɗana. Masu gadi biyu ne. Maharba sun kwashe na farko saboda fatarsa. Lokacin da aka hana farautar a 1911, bai fi dubu biyu ba suka rage a duniya. Da na biyun ya faɗi, wa ya saura?

Ɗan jami'a: Amma ka ce "in babu shi". Ga shekara ɗari babu shi.

Alhaji: Yawwa! Kuma masuntan Alaska fa? Kuka suke karen ruwa ya cinye masu ƙaguwa. Su wa zai biya su?

Kawu: Alhaji, kai da ko a tabkin Madarunfa ba ka shiga kwale-kwale, yau kai ne lauyan masuntan Alaska?