"Wanga Fuko naka ya taɓa bi ta Tsafe?" Wa aka taɓa yi wa irin wannan tambayar ranar kare kundi?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Saura sati biyu in kare kundina na digiri na biyu a kimiyyar siyasa, aikin kan shingayen bincike ne na hanyar Gusau zuwa Funtua, kuma ra'in da na ɗora shi a kai, wato mahangar nazarin, na Fuko ne (Michel Foucault, masanin falsafa Bafaranshe). Jiya a gwajin cikin gida wani dattijon malami ya cire tabarau ya aje kan tebur ya ce min "Malam, wanga Fuko naka ya taɓa bi ta Tsafe?" ɗaki ya ɗauki dariya, ni kuwa wallahi bakina ya mutu sai murmushin yaƙe. Don Allah duk wanda aka taɓa jefa wa irinta ya faɗa mana yadda aka kwashe. Ba bayanin littafi nake so ba, wannan ina da shi har ya yi min yawa.

Na Zurmi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma Fuko ne ya kusa kashe ni. Ka san littafin nasa na 1975 kan horo da gidan yari, ya buɗe shi da yadda anka yi wa wani mutum Damiyan gunduwa gunduwa a bainar jama'a a Faris a 1757 don ya soki sarki da wuƙa, sannan ya ce daga baya mulki ya bar wannan ya koma sa ido da tarbiyya, ya kawo zanen kurkukun Bentam, wani masani Ba'ingile, mai hasumiya a tsakiya, fursuna bai ganin mai gadi don haka sai ya riƙa gadin kansa. To ni na kwashi wannan duka na jibga wa ƙauyukanmu. Malamin da ya zo daga waje bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi "ina hasumiyar, kuma wa ke cikinta?" Na ce gwamnati. Ya ce gwamnatin da manomi ke biyan wasu kuɗi kafin ya girbe gonarsa ba ta sani ba?

Na yi shiru kamar minti guda, zufa na bin bayana cikin babbar rigar aro. Abin da ya faɗo min a rai ba littafi ba ne, teburin mai shayin bakin kasuwarmu ne. Da can in an zauna hira ake har sha ɗayan dare, kowa na zagin wanda ya ga dama. Yanzu da wani ya ambaci mutanen daji sai ka ga kowa ya sunkuya yana juya cokali a kofi, saboda ba wanda ya san waye infoma, ƙila yaron da ke miƙo maka biredi ne ƙila kuma babu shi sam a wurin, amma kowa ya riga ya ɗaure bakinsa da kansa. Na ce ranka ya daɗe hasumiyarmu ba gini ba ce, kuma ba ta gwamnati ba ce. Ya dube ni ya ce to me ya sa ba haka ka rubuta ba, ka cika min shafi talatin da Faransa. Gyaran wata uku anka ba ni.

Uwar Biyu:
Yaya Na Zurmi ni ban yarda wannan Fuko ne ba fa. Fursunan Bentam ba kashe shi za a yi ba, gyara shi ake son yi ya zama ɗan kirki mai bin layi. Mutanen teburin shayinka tsoron a biyo su gida da dare suke. Wannan ya fi kusa da abin da Mbembe ɗan Kamaru ya rubuta a 2003, cewa ƙarshen iko shi ne ikon yanke wa zai rayu wa zai mutu. Ni da shi na yi aiki kan watannin da aka rufe layukan waya a Zamfara daga Satumba 2021, lokacin da muke shiga mota har Funtua don kawai mu kira 'yan uwa mu ce muna raye. Ba a tambaye ni ko ya bi ta Tsafe ba tunda baƙar fata ne, abin da aka ce min wai ina sa siyasa a aikin ilimi. A sashen kimiyyar siyasa fa.

Na Zurmi:
Gaskiyarki Malama, na karɓa. Da na san shi a lokacin da gyaran bai kai wata uku ba.

Almajirin Gwandu:
Ku naku ma da sauƙi, ni tawa juyewa ta yi. Na rubuta kan sharuɗɗan shugabanci, na tsaya kan Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahin Gwandu wanda ya rubuta wa mutanen Kano, da Kitabul Farƙi na Shehu inda ya lissafo abubuwan da sarakunan Haɓe ke tatsar talaka da su da sunayensu na Hausa, jangali, kuɗin gari, gaisuwa da sauransu. Sai anka ce mini ina ra'inka? Na ce ga shi nan, Malam Abdullahi. Anka ce a'a, Abdullahi madogara ne, wato abin da ake nazari, ra'i kuwa sai ka ɗauko Weba Bajamushe ko Giramshi ɗan Italiya ka haska shi da su. Wato mutumin da ya zauna ya tsara mi ke halatta mulki da mi ke rushe shi, ya yi yaƙi ya yi alƙalanci, shi ne gawar da ake fiɗa, Bajamushen da ya yi lacca a 1919 shi ne likita. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, hubbaren mutumin nan da ƙafa nake zuwa daga gidanmu. Da na koma na ɗauko Claude Ake, masanin siyasa ɗan Najeriya, da ya rubuta tun 1979 cewa kimiyyar zamantakewar da anka kawo muna ita kanta wani nau'in mulkin mallaka ce, na sa shi a babi na biyu sai anka yi shiru, saboda shi da Turanci ya faɗa kuma an buga shi a Ibadan. Amma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, da na karanta Giramshi daga baya na amfana. Mutumin a kurkukun Musolini ya rubuta abinsa, kuma tambayar da ya riƙe, mi ya sa wanda ake dannewa ke ganin danniyar daidai ce har ya kare ta, ban ga inda malamanmu suka tsaya kanta haka ba. Abin da ban yafe ba shi ne a ce ɗaya ra'i ne ɗaya kayan gwaji.

Ɗan Kaura:
Ni dai ba zan yi ƙarya ba ban karanta ko shafi ɗaya ba, daga kundin wani na kwafo. Ranar na miƙe da ƙarfina na ce "Fokolt ya ce". Malamin waje ya ce waye? na maimaita. Ya ce zauna.

'Yar Argungu:
Hahaha Ɗan Kaura Allah ya shirye ka. Tawa kan bikin kamun kifi ce, yadda jaridun waje ke ɗaukar hotonsa, da Edward Sa'id da littafinsa na 1978 kan yadda Turawa suka ƙera wa mutanen Gabas kamanni a rubuce sannan suka mulke su da wannan kamannin. Wata malama ta ce min Sa'id Bafalasɗine ne yana maganar Larabawa, bikinku kuwa ba Bature ya ƙirƙiro shi ba, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka yi shi don nuna gaba ta ƙare tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma ku da kanku kuka kai shi UNESCO aka sa shi a 2016, to wa ya ƙera wa? Ban da amsa. Sai na ba ta labarin wani tsoho da na yi hira da shi a bakin Matan Fada yana ɗinke homarsa, gorarsa a gefe, ya ce min 'yata in na ga mai kyamara sai in ɗaga kifin sama in buɗe baki in zaro ido, haka suke so, in sun wuce in koma aikina. Ta yi dariya ta ce to ai wannan tsohon ya fi Sa'id ɗinki bayani, shi ya san ana kallonsa kuma shi ke sayar musu da abin kallon. Ta sa na koma wurin James Scott da ya zauna wani ƙauyen manoman shinkafa a Malesiya ya rubuta kan makaman marasa ƙarfi a 1985, su jan ƙafa da habaici da ladabin ganin ido. Ban ji daɗi ba a ranar amma ita ke da gaskiya.

Na Mafara:
Ni ba a ɗakin kare kundi anka yi min ba, a zauren gidanmu ne. Baba ya tambaye ni wai mi nike karantawa shekara uku ba ta ƙare ba. Na ce Baba wani abu ne ana ce mishi fosmodanizim, wani Bafaranshe Liyota ya rubuta rahoto a 1979 ya ce alamar wannan zamanin ita ce mutane sun daina gaskata manyan labarai. Baba ya gyara zama ya ce har da Alƙur'ani? Nan cikina ya ɗuri ruwa. Na ce a'a Baba, shi misalansa na can ne, labarin cewa kimiyya za ta kai kowa ga ci gaba, da na 'yan gurguzu cewa ma'aikata za su 'yanta duniya. Ban faɗa mishi cewa akwai almajiransa da ke kai maganar har kan addini ba, ban da ƙarfin wannan gardamar da daren. Ya yi shiru yana jan casbi, can ya ce in dai labarin ci gaba ne ai mu tun 1980 munka daina yarda da shi a Bakolori, an ce dam zai sa mu noma sau biyu a shekara, gonaki sunka tafi, da mutane sunka tare hanya suna neman diyya anka buɗe musu wuta. Ya ce wanga Bature da shekara ɗaya kawai ya riga mu, kuma shi biyansa anka yi. Wannan maganar da ita na buɗe babi na ɗaya, mai duba aikina ya ja mata jan biro ya ce ba ta da madogara.

Malamin Aji:
Bari ni ma in sa baki tunda ina cikin masu yin tambayar, ku yafe mana. Ba don muna ƙin Fuko muke yi ba. A shekara nakan karanta kundi da yawa da babi na biyu bai san babi na huɗu ba, sunaye a gaba, bayanan fili a baya, ba su ko gaisa ba. Kuma an taɓa kunyata fannin nan, a 1996 wani malamin fiziks Alan Sokal ya haɗa shirme da manyan kalmomi da gangan wata mujalla a Amurka ta buga, tun daga nan nake tsoron ɗalibin da ke magana ban gane ba shi ma bai gane ba. Ɗan Tudun Wada, amsar tambayarka a'a ce, bai bi ta Tsafe ba. Amma ya koyar a Tunis daga 1966 zuwa 1968, ya ga yadda aka yi da ɗalibai masu zanga-zanga, duk da haka da wuya ka ga mulkin mallaka a manyan littattafansa, kuma an daɗe ana yi masa wannan gorin. In ka faɗi haka da bakinka kafin a faɗa maka, dattijon zai mayar da tabaransa. Almajirin Gwandu kuma ƙorafinka na kan hanya, ni kaina Bala Usman na fi sa ɗalibaina su fara karantawa.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam na rubuta maganar Tunis a bayan hannu. Yanzu da nake karanta ku na tuna wani abu da na gani ya fi sau ashirin ban taɓa sa shi a kundin ba don na ɗauka ba ilimi ba ne: tun ana saura kusan kilomita guda a kai shinge direba ke rage rediyo, ya naɗe kuɗi ya saƙala tsakanin yatsu, samari su cire abin kunne, kowa ya gyara fuska, kuma wani lokacin a isa a tarar ba kowa sai tayoyi da buhunan yashi. Sai dai a bayan Tsafe da yamma in an hango shinge ba wannan shirun ake yi ba, salati ake, don ba a san na waye ba. Ina ganin biyun ba ra'i ɗaya zai ɗauke su ba. Asabar zan sake bin motar safe da littafin rubutu. Uwar Biyu don Allah in kina da rubutun Mbembe na 2003 a waya ki turo min, amma ki bari sai dare, datana ta kusa ƙarewa.