Mayar da shafin PDF hoto mai zurfi: abin da kowa ya gani a aikace

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fayilolin PDF na wani littafin kimiyya da aka shirya domin ɗab'i, ina kuma son in mayar da zane-zanen cikinsa hotuna masu zurfi, irin waɗanda ake kallo da tabarau mai ja da shuɗi. Na ga manhajojin da ke cewa suna juya PDF zuwa JPS, wato fayil ɗin hoto mai zurfi, kai tsaye, don haka nake roƙon duk wanda ya taɓa yin wannan aiki ya faɗa mana yadda ta kaya.

Mai zane a maɗaba'a: Wa'alaikumus salam, Malam. Na gwada irin wannan manhaja, abin da ta ba ni kuwa shafin ne kamar yadda yake, sai dai an sauya masa suna. Fayil ɗin JPS hotuna biyu ne a jere cikin JPEG guda, ɗaya na idon dama, ɗaya na hagu, alhali shafin PDF kallo ɗaya tak yake ɗauke da shi. Tun 1838 Charles Wheatstone ya nuna cewa zurfi yana samuwa ne daga ɗan bambancin abin da kowane ido yake gani, saboda tazarar kimanin milimita 63 da ke tsakanin idanun babban mutum. Wannan bambanci dole mutum ya ƙirƙiro shi da hannunsa. Ni na buɗe shafin a manhajar zane ta Inkscape, na raba zanen zuciyar ɗan Adam hawa-hawa, na fitar da hoton idon hagu, sannan na matsa jijiyoyin da ke gaba kaɗan zuwa hagu, na bar na baya a wurinsu, na fitar da na dama. Da na haɗa su suka zama hoto guda mai ja da shuɗi a StereoPhoto Maker, manhajar haɗa hotuna masu zurfi, na duba da tabarau, babbar jijiyar ta taso daga allo har yarona ya miƙa hannu zai taɓa ta. Wannan hanya tana yiwuwa ne idan zanen layuka ne da ake iya rarrabewa. Idan shafin an ɗauke shi ne da na'urar sikana, sai an yanke kowane ɓangare a manhajar gyaran hoto ta GIMP an cike gurbin da ya bari, kuma aikin yana cin lokaci sosai.

Malamar sakandare: Ina so in ja hankali kan rubutu, domin a nan ɗalibaina suka fi wahala. Duk kalmar da aka matsa, ido yana gajiya kafin a gama karanta ta, saboda haka nake barin rubutu a wuri ɗaya a hotunan biyu. Kanun da aka rubuta da jan launi kuma suna ɓacewa a idon hagu, inda jan gilashin yake, su fito baƙi a idon dama, sai su riƙa ƙyalƙyali. Na mayar da su baƙi, matsalar ta kau.

Mai ɗab'i: Hajiya ta yi gaskiya, kuma a kan takarda lamarin ya fi haka tsanani. Fayil ɗin ɗab'i yakan zo da launukan CMYK, wato na tawadar ɗab'i, sai an mayar da shi RGB, wato launukan allo, kafin a haɗa hoton, idan kuma aka sake bugawa, shuɗin tawada ba ya dacewa da na gilashin, sai kowane layi ya fito da inuwa. Shawarata a buga shafi ɗaya na gwaji, a duba shi da ainihin tabarau ɗin da za a raba wa yara.

Mai gyaran waya: Ni a Nintendo 3DS, na'urar wasa mai nuna hoto mai zurfi, na duba nawa, ita kuwa wani nau'in fayil mai suna MPO take karantawa, kuma StereoPhoto Maker yana fitar da shi. A lura cewa JPS yakan sa hoton idon dama a gefen hagu, saboda haka idan kuka ga abin da ya kamata ya taso ya nutse ciki, ku musanya hotunan biyu.